Yada Zango a Kwarin Mutuwa: Jagora ga Mai Son Kwana a Hamadar Kalifoniya

A gabashin jihar Kalifoniya ta Amurka, daf da iyakarta da Nebada, akwai wani dogon kwari da ke kwance tsakanin jerin duwatsu biyu. Kwarin Mutuwa ake ce masa, a allunan hanya da taswira kuwa za ka ga an rubuta Death Valley. Masu neman zinariya da suka ɓace a cikinsa a 1849 ne suka raɗa masa wannan suna. A nan ne, a wurin da ake kira Furnace Creek, aka auna zafin digiri 56.7 ranar 10 ga Yulin 1913, adadin da har yau yake rubuce a matsayin zafi mafi tsanani da aka taɓa aunawa a doron ƙasa. A 1994 gwamnatin Amurka ta mayar da yankin gandun ƙasa, mai faɗin da ya haura murabba'in kilomita 13,000.

Duk da wannan suna mai razanarwa, sama da mutum miliyan ɗaya ke zuwa wurin kowace shekara, da yawansu kuma a tanti suke kwana, har da mata da yara, su koma gida lafiya suna marmarin dawowa. Abin da ya sa haka shi ne hamada tana da tsarin da take bi. Zafinta, iskarta da ruwanta duk suna da lokaci da wuri. Wanda ya san wannan tsari ya bi shi, zai ga abin da ba zai manta ba. Wanda ya dogara ga ƙarfin jikinsa ko sabon da ya yi da rana a gida, shi ne ke shan wuya.

Zaɓi wata, sannan ka zaɓi tudu

Kwarin ƙasar kakannin mutanen Timbisha Shoshone ce. Har yau suna da ƙauye a Furnace Creek, kuma a 2000 aka yi dokar da ta mayar musu da wani yanki na ƙasarsu. Yadda suke zama tun dā shi ne darasin farko ga baƙo: lokacin sanyi suna ƙasan kwari kusa da maɓuɓɓugan ruwa, da zafi ya taso sai su haura kan duwatsu. Kai ma haka za ka yi.

Daga Nuwamba zuwa Maris ne ƙasan kwari ke da daɗin zama. A Disamba da Janairu zafin rana yakan tsaya wajen digiri 19, da dare ya sauka zuwa 4 ko kusa da haka. A Yuli kuwa tsakar rana takan kai 47, dare ma ba kasafai yake sauka ƙasa da 30 ba, don ƙasa da duwatsu suna ta fitar da zafin da suka sha da rana har gari ya waye. Barci a tanti cikin irin wannan dare ba ya yiwuwa, jiki kuma ba ya samun hutun da zai fuskanci gobe da shi. Abin da ke taimako shi ne duk mita 1,000 da ka haura, zafi yana raguwa da kusan digiri 6.

Ga manyan filayen zango da yadda suke:

Furnace Creek yana wajen mita 60 ƙasa da bakin teku. Yana da gurabe 136, da famfo, da banɗaki mai ruwa, da tebur da murhun ƙarfe a kowane gurbi. Ofishin baƙi, kanti da gidan mai duk suna kusa. Nan ya fi dacewa da wanda bai taɓa zuwa ba.

Texas Springs yana ɗan tudu kusa da shi, ba a kunna janareto a cikinsa, don haka masu tanti sun fi son sa. Sunset fili ne shimfiɗaɗɗe na tsakuwa, babu inuwa, amma da wuya ya cika. Stovepipe Wells yana kusa da tuddan rairayi. Waɗannan ukun lokacin sanyi ake buɗe su.

Mesquite Spring yana arewa, wajen mita 550 a sama, wuri ne shiru nesa da hayaniya. Wildrose yana wajen mita 1,250, Mahogany Flat kuma kusan 2,500, a gindin hanyar hawa dutsen Telescope mai tsayin mita 3,366. Waɗannan biyun ne mafakar wanda tafiyarsa ta faɗo a watannin zafi. Sai dai hanyar Mahogany Flat tana son mota mai tsayin ƙafa, babu ruwa a can, kuma dusar ƙanƙara takan rufe shi da sanyi.

Kama gurbi

Ba a fafa gora ranar tafiya. Daga 15 ga Oktoba zuwa 15 ga Afrilu, ana kama gurbi a Furnace Creek ta shafin Recreation.gov, tun wata shida kafin ranar zuwa. Ƙarshen mako, hutun ƙarshen Nuwamba, Kirsimeti, da watannin Fabrairu da Maris lokacin da furanni ke fitowa, su ne ke saurin cika. Sauran filayen kuwa wanda ya riga zuwa shi ke zaɓa, don haka ka isa da hantsi, lokacin da masu tashi ke naɗe kayansu. Ka duba gurbin da babu kowa, in filin na kuɗi ne ka biya a na'urar da ke bakinsa da katin banki, ka maƙala takardar a inda aka tanada.

Kuɗin shiga gandu daban, kuɗin kwana daban. Gurbi ɗaya mutum takwas yake ɗauka da mota biyu. Kafin ka baro gari, ka buɗe shafin hukumar gandun ka ga hanyoyin da ke rufe, domin ruwan dare ɗaya kan canja komai. Sannan ka gaya wa wani na gida filin da za ka kwana, hanyar da za ka bi, da ranar da zai ji daga gare ka. Sabis ɗin waya a kwarin ɗan kaɗan ne, a mafi yawan wurare babu shi sam.

Ruwa da guzuri

Hukumar gandun tana ba da shawarar lita 4 na ruwan sha ga kowane mutum a rana, in da zafi ko doguwar tafiyar ƙafa a ƙara. Ban da wannan akwai ruwan girki, wanke-wanke da alwala. Ka cika jarkoki tun daga gari ko da filin da za ka je yana da famfo, domin ambaliya ta sha fasa bututu a wannan wuri. Ka ware jarka ɗaya da ba ta fita daga mota, ba a taɓa ta sai da larura. Jarka biyu matsakaita sun fi babba guda, don in ɗaya ta huje ɗaya tana nan.

Iskar kwarin busasshiya ce ƙwarai, gumi yana bushewa kafin ka gan shi, sai mutum ya ɗauka ba ya zufa. Kada ka jira ƙishirwa; ka riƙa kurɓa a kai a kai. In fitsarinka ya yi duhu, ruwan jikinka ya yi ƙasa. Ruwa zalla ba ya mayar da gishirin da ya fita, saboda haka ka riƙa haɗawa da gyaɗa mai gishiri, ko ka tafi da ƙullin garin gishiri da sukari na kanti.

Abinci ya zama mai sauƙin dafawa, marar saurin lalacewa: shinkafa, taliya, kifin gwangwani, burodi, dabino, shayi. In daga gida ka taso, kada ka sa kilishi ko dambun nama a jaka, jami'an kwastan na Amurka ba sa barin shiga da nama. A Las Vegas, wadda tafiyar kusan sa'a biyu ce daga Furnace Creek, akwai kantunan halal. Ka sa nama da madara a kula da babban dunƙulen ƙanƙara, wanda ya fi ƙanana daɗewa, ka ajiye kular a inuwa ka lulluɓe ta, ka rage yawan buɗe ta.

Mota da hanya

Abin da ya fi kashe mutane a gandun nan haɗarin mota ne, na direba shi kaɗai a kan titi. Hanya miƙaƙƙiya ce, babu kowa, sai ƙafa ta yi nauyi a kan totur, kwatsam ga kwana ko gangare. Ka bi iyakar gudun da aka rubuta, ka ɗaura bel. A doguwar gangara ka sauko da giya ƙasa maimakon danne birki har ya ɗau zafi. A doguwar hawa, irin ta mashigar Towne mai tsayin wajen mita 1,500, ka kashe na'urar sanyaya mota in da zafi, ka sa ido a kan ma'aunin zafin inji.

Ka cika tanki a Pahrump ko Beatty kafin ka shiga. A ciki wurare uku ne kawai ake sayar da mai, Furnace Creek, Stovepipe Wells da Panamint Springs, kuma da tsada. Ka duba tayar ajiya da jak da ruwan lagireto. In motar haya ce, ka karanta yarjejeniyar, yawancinsu sun hana hawa hanyar da ba kwalta. Ka karɓi taswirar takarda a ofishin baƙi, don manhajar nuna hanya ta waya ta sha kai mutane hanyoyin da suka mutu. In mota ta lalace, ka zauna tare da ita. Tana da inuwa, ruwanka yana ciki, kuma ta fi mutum a ƙafa saurin ganuwa.

Kafa tanti

Ka isa gurbinka kafin la'asar. A Disamba rana tana faɗuwa tun kafin ƙarfe biyar, duwatsun yamma kuma suna tare haskenta da wuri.

Da farko ka dubi ƙasa. Ka guji wurin da ya lotsa ko wanda ke da sawun gudun ruwa. Ka tsince tsakuwa masu kaifi, ka shimfiɗa leda mai kauri wadda ba ta wuce faɗin tantin ba. Ka lura da inda iska ke fitowa, ka juya mata siririn gefen tantin, ƙofa kuma ta ba ta baya.

Iska ce babbar abokiyar gabar tanti a nan, musamman a Maris da Afrilu. Takan taso ba sallama, ta zo da ƙura, ta kwashe duk abin da ba a ɗaure ba. Ƙasar filayen tauri gare ta, siraran turakun da ke zuwa tare da tanti lanƙwashewa suke yi. Ka tafi da na ƙarfe masu kauri da guduma. Ka fara kafe kusurwar da ke fuskantar iska tun kafin ka ɗaga sanduna. Kowane turke ka buga shi a karkace, kansa yana nesa da tantin. Ka ɗaure dukkan igiyoyin gefe, ko da lokacin babu ko ganye da ke motsi. Inda turke ya ƙi shiga, ka ɗaura igiyar a ƙaramin dutse, ka danne ta da babba a gabansa. Ka sa jakunkuna masu nauyi a kusurwoyin ciki. Rumfar inuwa kuwa, duk lokacin da za ka bar wurin ka sauke ta.

Sanyin dare daga ƙasa yake shiga jiki, don haka katifar shimfiɗa mai kauri tana da muhimmanci kamar jakar barci. Ka tanadi hular sanyi, safa da rigar sanyi mai kauri. Zif ɗin tanti ya kasance a rufe dare da rana, takalma kuma su kwana a ciki.

Wuta, girki da dabbobi

Haramun ne tsintar itace a gandun, ko busasshe ne. Itacen hamada a hankali yake girma, reshen da ya faɗi kuma gidan ƙananan halittu ne da takin ƙasa. Ka sayi itace ko gawayi a kanti, ka hura a murhun ƙarfen da aka tanada kaɗai. In iska ta yi ƙarfi, ka haƙura da wutar. Kafin ka kwanta ka zuba mata ruwa, ka motsa tokar, ka sake zubawa har sai ka iya kai hannu kusa ba ka ji ɗumi ba. Risho mai gas ya fi sauƙi ga girki, amma kada ka kunna shi a cikin tanti ko don jin ɗumi. Yana fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Hankakin wurin sun saba da mutane, suna yaga leda, suna buɗe jaka. Akwai kuma karen daji mai kama da dila, wanda ke tsayawa bakin titi yana jiran a jefa masa abinci, da jakunan daji, jikokin waɗanda masu haƙar ma'adinai suka saki, masu cizo da harbi. Doka ta hana ciyar da su duka. Dabbar da ta saba da abincin mutum takan ƙare a ƙarƙashin mota. Abinci da shara su kwana a cikin mota ko kwandon da ke rufuwa.

Kunama, gizo-gizo mai dafi da maciji mai ƙararrawa a wutsiya duk suna nan, sai dai sun fi fitowa a watannin ɗumi. Kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba, ka kakkaɓe takalmi kafin ka sa, kada ka fita da dare ba tocila. In maciji ya sari mutum, ba a tsaga wurin, ba a tsotsa, ba a ɗaure shi tam. A kwantar masa da hankali, a cire zobe da agogo, a kira 911 ko a nufi ma'aikatan gandu. Tsofaffin ramukan ma'adinai da ke warwatse a duwatsu ma a tsaya daga nesa, suna ruftawa.

Yadda za ka raba yininka

Da asuba ake cin moriyar hamada. Ka tashi ka nufi Zabriskie, 'yan kilomitoci daga Furnace Creek, ka ga yadda hasken farko ke canja launin tuddai. Badwater, wuri mafi zurfi a Arewacin Amurka, mita 86 ƙasa da bakin teku, yana wajen kilomita 27 a kudu, farin filin gishiri ne iya ganinka. Tuddan rairayin Mesquite Flat sun fi kyau da sassafe ko gab da magariba. Da tsakar rana ka koma inuwa, ko ka haura wurin kallo na Dante, sama da mita 1,600, inda iska ke da sanyi. A watannin zafi, ƙa'idar hukumar ita ce kada a yi tafiyar ƙafa a ƙasan kwari bayan ƙarfe goma na safe. Ka sa tufafi masu yalwa da dogon hannu, malafa da tabarau. In ruwan da ke hannunka ya kai rabi, ka juya, ko da inda ka nufa yana gabanka kana gani.

Jiri, ciwon kai da tashin zuciya su ne gargaɗin farko. Nan take a shiga inuwa, a sha ruwa, a jiƙa tufafi. In mutum ya fara ruɗewa ko maganarsa ta daina haɗuwa, rai ne a kan siraɗi: a yi ta kwara masa ruwa ana fifita, a nemi agaji. Ka sani agaji yana nesa. In zafi ya haura digiri 49, jirgi mai saukar ungulu ba ya iya tashi lafiya.

Ruwa a inda ba a zaton sa

Ruwan saman da kwarin ke samu a shekara wajen milimita 55 ne kawai, amma ambaliya tana cikin manyan haɗurransa. Ƙasar ba ta shan ruwa, sai ya taru daga duwatsu ya gangaro ta busassun koramu da laka da manyan duwatsu. Mutanen Agadas sun ga irin haka a Satumban 2009, lokacin da ruwan duwatsun Ayar ya biyo koramar Telwa ya ci unguwanni. A Kwarin Mutuwa, ranar 5 ga Agustan 2022 ambaliya ta binne motoci wajen 60, ta tsare kusan mutum 1,000. A Agustan 2023 ruwan shekara guda ya sauka a yini ɗaya, aka rufe gandun kusan wata biyu. Kada ka kwana ko ka ajiye mota a cikin busasshiyar korama. In ka hango hadari a kan duwatsu, ko da kanka rana ake yi, kada ka shiga matsattsen kwazazzabo. Ruwan da ke gudu a kan titi, kada ka gwada shi da mota. Ka jira ya wuce.

Ibada da dare

Ga musulmi, alƙibla daga nan tana arewa maso gabas, ta fi karkata ga arewa. Ka tantance ta da kamfas tun da rana, ka kuma sauke jadawalin lokutan salla a waya kafin sabis ya ɗauke. Ka ɗebi ruwa a buta ka koma gurbinka ka yi alwala, kada ka tsare bakin famfon da kowa ke sha.

Bayan lisha sai kallon sama. A 2013 aka ba gandun shaidar kasancewa cikin wuraren da suka fi duhun sama a duniya. In taurari kake so, ka daidaita tafiyarka da ƙarshen watan sama ko farkonsa. Ka kashe fitilu, ka ba idonka minti ashirin zuwa talatin ya saba, ka yi amfani da tocila mai jan haske. A daren sanyi Kaza da 'Ya'yanta tana bayyana sarai tun farkon dare. Murya tana tafiya nesa a wannan fili, tanti kuma ba bango ba ne, don haka ka sassauta magana, kada ka haska maƙwabci da fitilar mota.

Ranar tashi

Ka naɗe tanti kafin rana ta yi zafi. Ka mayar da duwatsun da ka ɗaure igiya da su inda ka ɗauko su. Ka zagaya gurbin ka tsince komai, har murfin kwalba da ɓawon lemo, domin inda babu danshi abu ba ya ruɓewa, shekaru yake yi. Kada ka ɗauki dutse, gishiri, fure ko wani tsohon abu; doka ta hana, wurin kuma gidan mutane ne da suka riga kowa zama a cikinsa. Kada tayar motarka ta sauka daga hanya, sawunta yana daɗewa a wannan ƙasa. Ka cika jarkokinka kafin ka fita, don hanyar komawa ita ma hamada ce. Da sabis ya dawo, kiran farko na wanda ka bar wa saƙo ne, ya san ka fito lafiya kada ya tayar da masu nema.